Naka ne, ko a hannunka yake? Yadda Turanci ke faɗin mallaka

A cikin kurakuran da ke bin Bahaushe mai koyon Turanci, da wuya a samu mai naci kamar “I am having”. Ɗan sakandare zai ce “I am having two brothers”, mai digiri ya rubuta a takardar neman aiki cewa “I am having five years of experience”. Malami ya ja jan biro, ya rubuta “I have” a gefe, ya wuce. Gyaran daidai ne, amma mako mai zuwa kuskuren zai dawo, domin reshe aka sare aka bar saiwa. Ɗalibin nan ba ganganci ya yi ba. Ƙa'ida ya bi, kuma ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ta wani harshen ce.

Tun yana ƙarami aka koya masa cewa “ina tafiya” shi ne “I am going”, “tana girki” kuma “she is cooking”. Ya riga ya gane cewa duk inda ya ga ina, kana, yana ko tana, Turanci zai kawo “am”, “are” ko “is”, sannan ya liƙa “-ing” a ƙarshen aikatau. Ranar da ya so ya ce “ina da mota”, sai ga “ina” ɗin nan dai a farkon jimla. Me zai hana shi cewa “I am having a car”?

Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, a cikin “ina da mota” babu aikatau ko ɗaya. Wannan “da” ɗin ita ce dai ta “ya zo da littafi” da “tana tare da yara”. Idan Bahaushe ya ce yana da abu, a tsarin nahawu cewa ya yi yana tare da abin. Ba mu kaɗai ke yin haka ba. Masu magana da Suwahili suna cewa “nina kitabu”, kuma “na” ɗinsu daidai take da “da” ɗinmu. Wanda ya yi karatun Larabci ya san “indi kitabun”, wato littafi yana wurina, nan ma babu aikatau. Turanci da Faransanci da Jamusanci sun bi wata hanyar: sun ɗauki cikakken aikatau, mai aikau a gaba da karɓau a baya, suka ɗora masa nauyin mallaka. Masana tarihin harshe sun nuna cewa tushen “have” wata tsohuwar kalma ce mai ma'anar kamawa da hannu.

Ita kanta Hausa ta san “ina da” ba ɗaya take da “ina tafiya” ba, kuma wajen korewa take nuna haka. Muna cewa “ba na tafiya” amma “ba ni da mota”, “ba ya zuwa” amma “ba shi da kuɗi”. Akwai yankunan da ake jin “ba ya da kuɗi”, amma a daidaitacciyar Hausa an raba su. A ganina, da malamai za su rubuta waɗannan jimloli huɗu a allo tun farko, da rabin matsalar ta kau, saboda ɗalibi zai gani da idonsa cewa harshensa ma ya bambanta hali da aiki. Mun saba koyar da Turanci kamar yaro ya shigo aji babu wani harshe a kansa, alhali da cikakken nahawu ya zo, kuma da shi yake auna duk abin da aka faɗa masa.

Turanci yana raba aikatau gida biyu. Akwai masu nuna aikin da ake yi, wanda ake farawa a gama, kamar ci, gudu da rubutu. Akwai masu nuna halin da abu yake ciki, kamar sani, imani da mallaka. Na farkon suna karɓar “-ing” na lokaci mai ci, na biyun kuwa galibi ba sa karɓa. “Have” ta mallaka, da “own”, da “belong”, da “possess”, duk a gida na biyu suke. Shi ya sa “I am owning a shop” da “this bag is belonging to me” suke yi wa ɗan asalin harshen nauyi a kunne. Gaskiya ne ana jin irin wannan a Turancin Najeriya da na Indiya kullum, kuma mutane suna fahimtar juna babu matsala. Amma mai duba takardar WAEC ko NECO da daidaitaccen Turanci yake aiki, haka ma mai karanta takardar neman aiki ko gurbin karatu a waje.

Inda ɗalibi ke rikicewa shi ne, yana jin Turawa suna cewa “I am having lunch” ko “we are having a meeting”, kuma babu wanda ya ce sun yi kuskure. Ba su yi ba. A nan “have” ta bar mallaka ta koma aiki: cin abinci ake yi, taro ake yi. Gwajin mai sauƙi ne. Idan a Hausa za ka faɗi abin da “da”, to “have” ce zalla. Idan kuwa da “ci”, “sha” ko “yi” za ka faɗe shi, kamar cin abinci, shan shayi, yin wanka, yin taro, to “having” ta samu shiga. Bambancin yana iya zama babba. “She has a baby” na nufin tana da jariri. “She is having a baby” na nufin tana da juna biyu, ko ma tana kan gwiwa. Mutumin da ya rubuta wa abokinsa Bature “my wife is having three children” yana iya samun saƙon taya murnar 'yan uku.

Yanzu ga abin da na fi so mai koyo ya riƙe. “Have” kalma ce mai faɗi, kuma saboda faɗin nata ba ta cewa komai game da haƙƙi. Tana nuna akwai alaƙa tsakanin mutum da abu, shi ke nan. Da ita ake cewa mutum yana da gida, yana da ƙanne, yana da ciwon kai, yana da taro ƙarfe huɗu, yana da ubangida a wurin aiki. Ɗan haya zai ce “I have a flat in Kaduna” kuma bai yi ƙarya ba, ko da bulo ɗaya na ginin ba nasa ba ne. A wannan fuskar ta yi kama da “da” ɗinmu sosai. Wahalar tana zuwa ne lokacin da ake buƙatar a fayyace wace irin alaƙa ce, domin a nan Turanci yake da jerin aikatau, kowanne da aikinsa.

Ɗauki adaidaita sahu a Kano. Alhaji ya sayi babur ɗin da kuɗinsa, takardu da sunansa, ya ba wani saurayi yana ja, kullum da yamma yana kawo balas. Fasinja a bakin titi zai ɗaga hannu ya kira “mai adaidaita!”, kuma saurayin yake nufi. A unguwa idan aka ce “mai adaidaitan nan”, wataƙila Alhaji ake nufi. “Mai” ɗinmu tana ɗaukar su biyun, kamar yadda mai shayi ke nufin mai sayarwa, mai gadi mai yin aikin gadi, mai unguwa shugabanta. Turanci ba zai haɗa su ba. Alhaji “owns the tricycle”. Saurayin “drives it”, kuma da rana “he has it”. Idan ɗan sanda ya tsayar da shi ya ce “Who owns this?”, amsar da zai bayar da Hausa ita ce “Yallaɓai, na Alhaji ne, ni ja kawai nake yi”, da Turanci kuma “It belongs to my boss, I only drive it.” In ya ɗauka ana tambayar wanda ke tare da babur ɗin ne ya ce “I own it”, sannan aka duba takardu aka ga wani suna, ya jawo wa kansa dogon bayani a ofishin 'yan sanda.

Akwai wata dabara ƙarama a nan da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kanta ba, alhali tana aiki ƙwarai. Ma'anar “have” tana sauyawa gwargwadon ko “a” ce ta biyo baya ko “the”. “I have a car” na nufin ina da mota, kuma mai ji zai ɗauka tawa ce. “I have the car” na nufin motar da muka sani tana wurina yanzu, ko ta wane ne. Ɗa zai iya ce wa yayansa “I have the car today, Baba took the bus.” Haka “Who has a key?” tambaya ce ta wa ke da makulli, “Who has the key?” kuwa ta makullin yana hannun wa. Hausa tana raba waɗannan ta sauya ginin jimla gaba ɗaya: “ina da mota” daban, “motar tana wurina” daban. Turanci yana barin aikatau yadda yake, ya sauya 'yar ƙaramar kalma ɗaya. Wanda kunnensa bai saba ba sai ta wuce shi.

“Own” ita ce ta yi daidai da “mallaka”, wadda muka aro daga Larabci. Tana nufin haƙƙi: ka saya, ko ka gada, ko an ba ka kyauta, kuma kana da ikon sayarwa. Ba ta buƙatar abin ya kasance a hannunka. Mutum yana zaune a Jidda zai iya cewa “I own a farm in Funtua”, ko da ya shekara goma bai taka gonar ba. Saboda ƙarfin nan nata, akwai inda ba ta shiga. Ba a cewa “I own two sons” ko “he owns a wife”. Sa “own” a kan ɗan Adam yana tuna wa mai ji zamanin bauta, kuma a Amurka musamman magana ce mai zafi. Haka ba a sa ta a kan gaɓoɓin jiki, cuta, ko lokaci. Wani bambancin nahawu da ya kamata a sani: ana iya juya “own” a sa abin a gaba, a ce “the shop is owned by two sisters”. Ba a yi wa “have” haka, babu mai cewa “the shop is had by”. Sannan a kula da ɗaya “own” ɗin, ta cikin “my own room”, wadda ba aikatau ba ce. Ƙarfafawa take yi, kamar mu ce “ɗakina na kaina”, kuma dole “my”, “his”, “their” ko makamancinsu ya zo kafin ta.

“Belong to” kuwa juya jimlar take yi. A “have” da “own” mai abu ne a gaba, a “belong to” abin ne a gaba. Wannan ita ce “na wane ne” da “ta wance ce” ɗinmu. Daga nan ne kuskuren “this book is belong to me” yake fitowa: ɗalibi ya ji “ne” a ƙarshen “littafin nan nawa ne”, ya san “ne” tana tafiya da “is”, sai ya saka ta. Amma “belong” cikakken aikatau ce, ba ta neman taimakon “is”. Abin da take nema shi ne “to”, kuma ba a yar da ita. Ana amfani da “belong to” ne ga abin da aka riga aka sani ana neman mai shi, shi ya sa “this goat belongs to Hajiya” ta zauna daidai, amma da wuya ka ji “a goat belongs to Hajiya” a wurin mai son cewa Hajiya tana da akuya. Tana kuma nufin zama ɗan ƙungiya, kamar “he belongs to the traders' union”. Idan aka sauya “to” da “in” ko “on”, an bar mallaka an koma wurin zaman abu: “the plates belong in the kitchen”, wato a kicin ne wurin faranti. A hira ta yau da kullum, Bature ya fi cewa “it's mine” ko “whose is this?” a kan ya jawo “belong”.

“Possess” ba ta buƙatar dogon bayani, illa a ce ta takarda ce. Za ka gan ta a tallan aiki, “applicants must possess a degree”, da kuma a kotu, inda ake tuhumar mutum da “unlawful possession” na makami ko miyagun ƙwayoyi. A harshen shari'a, “possession” kasancewar abu ne a hannunka ko ƙarƙashin ikonka, “ownership” kuma haƙƙin mallaka. Ɓarawon waya yana da na farko, wanda aka sace wa yana nan da na biyu. Wasu ɗalibai suna ɗauka cewa “I possess a bicycle” ya fi “I have a bicycle” nuna ilimi, amma a kunnen mai harshen baƙon abu ne. A lura kuma, “he is possessed” na nufin aljanu sun shige shi.

Wadda ta cancanci a daɗe a kanta ita ce “hold”, domin ita ce ke cikin takardun da rayuwarmu ta rataya a kansu. Asalinta riƙewa da hannu, kuma kamar “riƙe” ɗinmu ta “yana riƙe da muƙamin hakimi”, ana sa ta ga abin da yake hannunka bisa izini ko sharaɗi. Mai fasfo “passport holder” ne, saboda fasfo a ƙasashe da yawa an rubuta a cikinsa cewa kayan gwamnati ne. Mai katin cire kuɗi “cardholder” ne, mai asusu “account holder”, mai hannun jari “shareholder”. Mutum “holds office”, domin kujerar ba tasa ba ce, riƙo yake yi na wani lokaci.

Inda wannan ya fi muhimmanci shi ne fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta ce a sashenta na farko duk ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin 'yan Najeriya. Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda dokar ta kira “right of occupancy”, kuma takardar da muke kira “C of O” shaidar wannan haƙƙin ce, yawanci na shekara 99 ga filin gida. Dokar tana kiran mutumin “holder” ko “occupier”. Sashe na 22 ya ce mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin saboda maslahar jama'a. A Arewa wannan tsarin ya girmi 1978, domin dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910 da dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan tunanin suka tafi. A Ingila ma, inda kalmomin suka fito, haƙƙin fili iri biyu ne, “freehold” da “leasehold”, kuma “hold” tana cikin duka biyun, saboda a asalin tsarinsu ƙasa ta sarauta ce. A hira babu laifi ka ce “I own a plot in Gwarinpa”, kowa haka yake faɗa. Amma idan lauya ya miƙo maka takarda ka ga “holder” inda ka sa ran ganin “owner”, ba kuskuren mai buga takarda ba ne, kuma yana da kyau ka san abin da kake sa wa hannu.

Sai “have got”, wadda ke ba mutane tsoro fiye da kima. “I have got a car” da “I have a car” ma'anarsu ɗaya. Ta farkon ta fi yawa a maganar baki ta mutanen Birtaniya, ana taƙaita ta zuwa “I've got”. Ta biyun tana shiga ko'ina, kuma ita ta fi dacewa a rubutu. Tambaya tana da fuska uku: “Do you have a pen?” wadda kowa ya yarda da ita, “Have you got a pen?” ta Birtaniya, da “Have you a pen?” wadda ta tsufa, ko da yake har yanzu ana ganinta a tsofaffin littattafan makaranta. Abin kiyayewa shi ne kada a gauraya su, a ce “do you have got”. Kuma bayan “does” ana komawa “have”: “does she have”, ba “does she has” ba. Amurkawa suna da “gotten”, suna raba “I've got money”, ina da kuɗi, da “I've gotten money”, na samu kuɗi. Wanda ya tashi inda ake Turancin buroka yana da ƙarin aiki, domin a can “I get moto” na nufin ina da mota, amma a daidaitaccen Turanci “get” samu ne, ba kasancewa da abu ba.

Lokaci ma wani wurin tuntuɓe ne. “Yana da” ba ta sauyawa a Hausa. Muna cewa “bara yana da shanu hamsin” kamar yadda muke cewa “bana yana da shanu hamsin”, kalmar lokacin ce kawai ta sauya. Turanci ba ya yarda, dole aikatau ya nuna: “last year he had fifty cows”. Shi ya sa ake yawan ganin “when I was young my father has a lorry” a rubutun ɗalibai. Mafi wahala ita ce “have had”, wadda ido ke gani kamar maimaici. “Shekara biyar ke nan ina da wayar nan” shi ne “I have had this phone for five years”. “Have” ta farko alamar lokaci ce, mai nuna abin da ya faro can ya kai yanzu, “had” ta biyu ita ce ta mallaka. Kalma ɗaya ce take aiki biyu a jere.

Akwai kuma wuraren da mu muke sa “da” amma Turanci ya ƙi “have”. Shekaru su ne kan gaba: “ina da shekara 20” shi ne “I am 20 years old”. 'Yan'uwanmu na Nijar suna shan wannan ta fuska biyu, saboda Faransanci ma “j'ai 20 ans” yake cewa, da “j'ai faim” ga yunwa, duk da aikatau na mallaka, alhali Turanci “I am hungry” yake so. Haka sifofi: “yana da kyau”, “yana da nauyi”, “yana da tsada” duk “it is” ne, “it is good”, “it is heavy”, “it is expensive”. Akasin haka kuma, inda muke cewa “kaina yana ciwo” ko “mura ta kama ni”, Turanci ya fi son “I have a headache” da “I have a cold”.

Na bar aro da bashi a ƙarshe domin nan ne harsunan biyu suka fi saɓawa, kuma nan ne kuskure ke cin kuɗi. Hausa tana kula da abin da za a mayar. Idan abin da ka karɓa shi za ka mayar da kansa, kamar tabarma, tsani ko littafi, aro ne. Idan madadinsa za ka mayar, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Turanci bai damu da wannan ba, da kalma ɗaya yake karɓar tsani da kuɗi. Abin da ya dame shi shi ne ina abin ya nufa. Mai bayarwa “lends”, mai karɓa “borrows”. Mu kuwa saiwa ɗaya muke amfani da ita ga duka biyun, mu sauya ƙarshenta: “na ari littafi” ni na karɓa, “na ara masa littafi” ni na bayar, “na ranci kuɗi”, “na ranta masa kuɗi”. Saboda haka idan ɗalibi ya koyi cewa aro shi ne “borrow”, to “ara mini biro” zai fito “borrow me your pen”, wadda ta cika makarantun Najeriya. Daidai shi ne “lend me your pen” ko “can I borrow your pen?”. Da “borrow” ana sa “from”, da “lend” ana sa “to”. Mai koyo zai iya taimakon kansa da abin da ya riga ya sani: Hausa ta raba “saya” da “sayar”, kuma babu Bahaushen da ke rikita “buy” da “sell”. Alaƙar “borrow” da “lend” ke nan.

“Owe” ta fi su haɗari. Da farko tana kama da “own” a ido da kunne, kuma ba banza ba, tushensu ɗaya ne a tsohon Turanci, har zamanin Shakespeare ana amfani da “owe” da ma'anar mallaka. Harafi ɗaya ya raba “he owns the bank”, banki nasa ne, da “he owes the bank”, banki yana bin sa bashi. Na biyu kuma, jimlarta a juye take da tamu. Bahaushe yana sa mai kuɗin a gaba: “ina bin Audu naira dubu 50”. Ni ne mai bi, Audu ake bi. Turanci yana sa wanda ake bi a gaba: “Audu owes me 50,000 naira”. Mai fassara kalma bayan kalma zai fara da “I”, saboda da “ina” jimlarsa ta fara, ya rubuta “I owe Audu 50,000 naira” ko “I am owing Audu”, kuma da wannan ya amsa da hannunsa cewa shi ne zai biya.

A kasuwa da baki ba a samun wannan ruɗanin, domin da Hausa ake ciniki kuma shaidu sun ji. Amma yanzu yarjejeniyar bashi da yawa a saƙon WhatsApp ake yin ta, ko a 'yar takardar da wani yaro mai boko ya rubuta aka sa hannu, kuma idan rigima ta kai gaban alƙali, abin da ke rubuce za a karanta. Wanda zai rubuta irin wannan takarda ya tambayi kansa wa zai ciro kuɗi daga aljihunsa ranar biya. Sunan wannan mutumin ne yake zuwa kafin “owes”, sunan mai karɓa ya biyo baya, sannan adadin kuɗin da ranar da aka yi alkawari.